Curin da ya ƙi nutsewa: dabarar fatsa a ruwan Ƙonni, Malbaza da Illela

Duk wanda ya taɓa jefa ƙugiya a barajin Mozage ko na Zango idan rani ya yi nisa ya san irin ƙasan da ke ƙarƙashin ruwan. Laka ce mai laushi, wadda ruwan damina ya yi shekaru yana kwasowa daga duwatsun Adar yana jibgewa a bayan bangon baraji. Abincin da aka laƙa wa ƙugiya yana isa ƙasa sai laka ta haɗiye shi, ƙamshinsa ya dushe, kifi ya gifta ta kansa bai san da shi ba. Mai fatsa ya wuni cikin rana, ya koma gida yana zargin sa'a.

Maganin sananne ne: a sa curin abincin ya tashi daga kan laka, ko dai ya yi iyo a fuskar ruwa, ko ya rataye taƙi ɗaya sama da ƙasa, inda kifi zai gan shi, ya kuma ji ƙamshinsa. Sa curi ya yi iyo na ɗan lokaci ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne ya daɗe a sama, ruwa yana jiƙa shi, ƙugiya tana jan sa ƙasa, 'yan ƙananan kifaye suna tsattsagarsa. Abin mamaki kuma, kusan duk kayan da wannan aiki ke bukata suna nan a madafa da bakin rumbu.

Ruwan da ake su a cikinsa

Gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, a jihar Tawa, ba su da kogin da ke gudu shekara cur. Ruwan sama bai cika wuce milimita 500 da 'yan kai ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Babbar hanyar ruwan yankin ita ce Majiya, wadda ke tasowa daga tsaunukan Adar ta wajen Buza, ta ratsa ƙasar Malbaza da Ƙonni, ta tsallaka iyaka ta ƙare a tafkin Kalmalo, kusa da Illelar Najeriya a jihar Sakkwato. A kanta aka gina barajin Mozage da na Zango, daga nan kuma babbar magudana ke kai ruwa matattarar Cerasa a gefen Birnin Ƙonni. Wannan ruwa ne ke shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta fiye da 2,400, wanda aka shimfiɗa daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980, aka kuma gyara shi ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da hukumar MCC ta Amurka a 2016. A ƙasar Malbaza, Galmi ma tana da nata barajin, mai shayar da albasar da ta kai sunan garin har bakin teku.

Can yamma da Illelar Nijar akwai tabkin Ɗan Dutsi, wanda ya zama ruwan dindindin bayan ambaliyar 1974, ya kuma shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. A da yana cikin gundumar Illela kafin a yanke Bagaruwa a 2011. Irin waɗannan tabkuna ba dukan kifinsu ne ya zo da kansa ba. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda harkar su ke hannunsu a Nijar, sun daɗe suna zuba irin tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa da giwan ruwa a tabkunan jihar.

Ba don kifi aka gina barajin nan ba, don noma aka gina su, kuma babban ciwonsu cikewa da ƙasa. Kowace damina tana rage musu zurfi. Saboda haka ne aikin tare zaizaya a kan tuddai ya shafi masunci kamar yadda ya shafi manomi: aikin Keita da aka fara a 1984, da tassa da manoman ƙasar Illela suka rungumi haƙawa bayan ziyarar da wasunsu suka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989, duk suna rage ƙasar da ke gangarowa kwari. Amma lakar da ta riga ta kwanta tana nan, kuma da ita mai ƙugiya zai yi zama.

Kifin kasuwa, wanda ake banda ko a soya a tasha, yawancinsa da raga, birgi, mamari da gura ake kama shi. Ita gura da curin dusa mai nauyi ake ɗana ta, domin so ake ya zauna a cikinta ƙasa. Fatsa kuwa ta yara ce, da mai lambu da ya gama ban ruwa, da magidancin da ke neman na miyar dare. Shi ƙugiya ɗaya ko biyu gare shi, don haka kowace jifa tana da daraja.

Inda kifi ke kiwo

Kafin a kwaɓa gari sai a san wa ake kwaɓa wa. Tarwaɗa da gashin bakinta take neman abinci, ta hanyar ƙamshi da ɗanɗano, shi ya sa ruwa mai dauɗa bai dame ta ba, kuma ta fi kiwo da dare da sassafe. Tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka takan taso sama ta haɗiyi iska ta koma. Bakinta mai faɗi ne, tana samun curi haɗiyewa take. Karfasa kuwa da rana take kiwo, da ido take neman abinci, bakinta ƙarami, tsakura take yi tana ja da baya. Curin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗayar ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ruwa ya janye, ya ɗumama. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke cikin laka kuma suna cinye 'yar wadda ke ƙasa. Da asuba, bayan tsirran ruwa sun kwana ba rana, iskar ta fi ƙaranci, kifi ya taru a sama. Curin da ke kwance a ƙasa a wannan lokaci yana wurin da kifi ya ƙaurace wa. Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi, karfasa ta rage ci ƙwarai idan sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 20, kifi ya koma zurfi. A nan curin da aka rataye ɗan sama da laka ya fi wanda ke fuskar ruwa.

Abin da ke ɗaga curi

Ƙa'idar ta tsufa, tun Arkimidis na Sirakusa ya bayyana ta fiye da shekara 2,200 da suka wuce: abu yana iyo idan bai kai nauyin ruwan da ya ture ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Sitacin da ke cikin gari ya fi ruwa nauyi da kusan rabi, kwaɓaɓɓen gari da aka murza sosai kuma ya fi ruwa da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ƙarfen ƙugiya ya ninka ruwa kusan sau 8, dalma fiye da sau 11. Ke nan babu garin da ke iyo da kansa. Iskar da ta maƙale a cikinsa ce ke ɗaga shi, kuma sai ta kai wajen kashi ɗaya cikin shida na girman curin kafin ya ɗauki kansa, balle ya ɗauki ƙugiya.

Mai tuyar masa ta san wannan aiki ciki da waje. Ta bar ƙullu ya kwana ya yi tsami, ta ɗiga ruwan kanwa ya taso, ta zuba a tanda mai zafi, wuta ta daskarar da ƙullun kafin iskar ta gudu. Wanda ya tsaga masa ya ga 'yan ramukan da ke cikinta ya ga dukan sirrin curi mai iyo: a samar da iska, sannan a kulle ta.

Abubuwa huɗu ne ke buɗe wannan kulle. Na farko ruwa, wanda ke shiga ramukan sannu a hankali yana korar iska, kuma ya fi saurin yin haka idan yana da ɗumi. Na biyu yatsun mai fatsa kansa, domin duk matsar da ya yi wa curi don ya kama ƙugiya iska yake fitarwa. Na uku nauyin ƙugiya da zare. Na huɗu, wanda ba a cika lura da shi ba, zurfi ne. Ruwa yana matse iska: a zurfin mita 2 kumfar iska takan ragu da kamar kashi ɗaya cikin shida, a mita 3 kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Curi mai taushi da ke iyo da ƙyar a bokiti, idan dalma ta ja shi can ƙasa, yana iya motsewa ya kwanta a laka bai sake tashi ba. Shi ya sa curin zurfi ke bukatar jiki mai tauri ko zuciya wadda ba ta matsuwa.

Haɗi daga madafa

Gero da dawa da dusarsu suna da ƙamshin da kifi ya saba da shi, amma ba su da danƙon da ke riƙe iska. Alkama ce ke da shi. Don haka ko da dusa ce ta fi yawa, sai an sa fulawa ko garin alkama kamar kashi ɗaya cikin uku don ya ɗaure haɗin. Sitacin rogo da aka dama da ruwan zafi shi ma yana ɗaurewa. Kuka da busasshiyar kuɓewa suna kama gari da farko, sai dai yauƙinsu ruwa yake sha, curin ya saki ya narke da wuri. Gishiri da sukari suna ƙara nauyi, suna kuma jawo ruwa, don haka kaɗan ya isa.

Hanya mafi sauƙi ta samun iska ita ce yis, ko tsami da 'yar kanwa. A kwaɓa da ɗan ƙarfi, a bari ya tashi, a gutsura ƙanana, sannan a turara ko a soya sama-sama cikin mai. Kanwa idan ta yi yawa ɗaci take kawowa. Suya ta fi turare daɗewa a ruwa, domin mai bai kai ruwa nauyi ba, kuma ɓawon da ya sha mai yana jinkirta jiƙa. Ƙwai ɗaya a cikin kwaɓi yana ba curi fata mai tauri idan ya ji wuta, wadda ƙananan kifaye ba sa iya yagewa da sauri. Bayan dahuwa a shanya a inuwa. Ranar Ƙonni tana busar da baya kafin ciki, curin ya tsage, kuma ta tsagar ne ruwa ke shiga.

Hanya ta biyu ita ce a sa wa curi zuciya. Totuwar karan dawa ba ta da nauyi, cike take da iska, ba ta kuma motsewa kamar kwaɓi. A yanko guntu, a lulluɓe shi da kwaɓi siriri, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu don fatar ta kama. Ko da kwaɓin ya jiƙe, totuwar tana riƙe da shi a sama. Gugguru ma yana iyo, amma shi kaɗai nan da nan yake laushi ya saki ƙugiya, sai an shafe shi da mai ko an sa masa rigar kwaɓi. Ɓawon burodi da ya kwana shi ne mafi arha a cikin duka: a soke shi ta gefen ɓawo, kada a matse tsokar.

Sai auduga. 'Yan zaruruwa kaɗan da aka yayyaga aka cuɗa cikin kwaɓi ba su ƙara iyo, amma suna saƙe curin da ƙugiya, ta yadda karfasa za ta yi ta tsakura bai warware ba. Shi kuwa ƙamshi, ko na ƙuli-ƙuli ne, ko daddawa, ko garin busasshen kifi, gara a shafa shi a baya da a cika ciki da shi. Waɗannan kaya ne masu nauyi, kuma a baya ne ma ruwa ke saurin ɗaukar ƙamshinsu ya kai wa tarwaɗa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗebo ruwan tabkin a bokiti, a soka curi a irin ƙugiyar da za a yi aiki da ita, a jefa a bari. Gwajin da aka yi ba ƙugiya ruɗi ne. Wanda ya san tsawon lokacin da curinsa ke yi kafin ya fara nutsewa ya san lokacin da zai janye zare ya sauya, ba zai zauna yana gadin ƙugiyar da ta daɗe a cikin laka ba. Guzurin curi kuma a ajiye shi cikin ƙwarya ko tsumma a inuwa. Leda gumi take sa shi, ya jiƙe tun kafin ya ga ruwa.

Yadda ake ɗaurawa

Curi mai kyau yana lalacewa a kan ƙugiyar da ta fi ƙarfinsa. Ga karfasa, ƙaramar ƙugiya mai siririn ƙarfe da curin da bai fi ƙwayar wake ba. Ga tarwaɗa, ana iya kai shi girman goro. Ko wanne ne, a bar bakin ƙugiya a waje, domin curin da aka dafa ya yi tauri yakan tare shi, kifi ya ɗauka ya tofar bai kamu ba.

Idan a fuskar ruwa ake so, ba a sa dalma. Guntun totuwa da aka ɗaura kamu biyu ko uku daga ƙugiya ya isa alama, ya kuma ba zaren nauyin jifa. Zaren da ke tsakanin alama da curi, idan ya nutse, yakan ja curin ƙasa a hankali, don haka ana ɗan shafa masa mai. A lura da iska: tana tura duk abin da ke iyo, da shi da ƙwari da tsaba, zuwa gaɓa ɗaya, kuma can kifi ke bin su. A kuma yi nesa da bakin ruwa a zauna shiru. Kifin da ke sama yana ganin mutum tun kafin mutum ya gan shi, kamar yadda karin maganar mai jar koma ta faɗa.

Idan a ƙasa ake so, sai a juya tsarin. Dalma ta sauka ta zauna a laka, daga gare ta zuwa ƙugiya a bar zare taƙi ɗaya ko biyu, curin ya tashi ya tsaya a wannan tsayi. Tsawon zaren shi ke yanke inda abinci zai rataya. Inda laka ta yi zurfi ko ciyawar ruwa ta yi yawa, a ƙara tsawo, a kuma zaɓi dalma mai faɗi wadda ba ta lumewa sosai. Kusa da kacalla kuwa, gara zare gajere, don kada curin ya yi ta lilo ya naɗe a kara.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Masu fatsar nishaɗi a Ingila sun sha fama da irin wannan matsala a tabkunansu masu laka, wajen kamun wani kifi da suke kira kaf. Wani mai suna Fred Wilton ne ake danganta wa curin da ake haɗawa da ƙwai a tafasa don ƙananan kifaye su kasa cinye shi. A ƙarshen shekarun 1970 kuma Len Middleton da Kevin Maddocks suka fito da dabarar raba curi da ƙugiya: a rataye shi a ɗan siririn zare a bayanta, ta zauna tsirara, kifi ya tsotsi curin ya haɗa da ita. Ga mai curin iyo wannan dabara tana da wani amfani na daban, domin ba a huda curin da ƙarfe mai kauri balle ruwa ya sami babbar ƙofa. Allura da zaren ɗinki sun isa a gwada ta a Cerasa. A Amurka kuwa kamfanin Berkley ya fitar da PowerBait a ƙarshen shekarun 1980, kwaɓi na kwalba mai iyo don kifin da aka yi kiwo aka saki a tabkuna.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne abincin kifin kiwo mai iyo, irin wanda masu kiwon tarwaɗa a Najeriya ke saye buhu-buhu. Inji ne ke dafa kwaɓin cikin matsi da zafi fiye da digiri 100, yana fitowa ruwan cikinsa ya zama tururi ya kumbura shi, a busar, a fesa masa mai. Manyan ƙwayoyinsa suna hawa zaren bayan ƙugiya, dakakkensa kuma yana shiga kwaɓi don ƙamshi, ko da yake daka tana kashe iyonsa. Sai dai mutanen Ƙonni sun ga abin da rufe iyaka ya yi wa kayan da ke shigowa ta Illelar Najeriya a 2019, da kuma daga 2023 zuwa Maris 2024. Kara da dusa ba su jiran kwastan.

Ruwa na kowa ne

Akwai hanyoyin da suka fi waɗannan sauƙi, amma kuɗinsu a wuyan wasu yake. Guntun soso ko farin kumfan kwalin kaya yana ɗaga curi fiye da totuwa, ba ya kuma jiƙa. Amma ba ya ruɓewa: ko ya zauna cikin kifin da ya tsinke zare, ko ya taru a gaɓa inda awaki ke shan ruwa. Sabulu, wanda wasu ke sa wa tarwaɗa, narkewa yake cikin ruwan da ake ban albasa da tumatir da shi. Zuba guba kuwa, ko magimfa ce ko maganin ƙwari, ya wuce maganar dabara. Dokar su ta Nijar ta hana kamun kifi da guba da abin fashewa, kuma wanda ya yi haka a tabkin da ba shi da mafita ya kashe har da irin baɗi.

Curin da ke fuskar ruwa yana da nasa haɗari. Mozage, Cerasa da Ɗan Dutsi matattarar tsuntsaye ce, na gida da baƙin da ke zuwa daga Turai da hunturu. Tsuntsu yana ganin abin da ke iyo kafin kifi, kuma ƙugiya ba ta tantancewa. Fatsar sama ta mai zama ce, ba a kafa ta a tafi. Wanda zai bar ƙugiya ta kwana, ya sa ta ƙarƙashin ruwa, nesa da mashayar dabbobi, ya kuma kwashe tsinkakken zare idan zai tashi.

Tabkin ƙasar Adar ɗaya ne ga mai lambu, da makiyayi, da mai wanki, da mai bulo, da masunci, kuma daga Oktoba zuwa Yuni ba wani sabon ruwa da ke zuwa ya wanke abin da aka zuba masa. Wannan shi ne babban dalilin fifita curin gari da totuwa a kan na roba, ko da na roba ya fi shi daɗewa a sama. Idan ya suɓuce daga ƙugiya, abinci ne ya faɗa ruwa, wani kifin zai ci ya ƙara tsoka, kuma mai shanu da ya zo bayanka ba shi da abin da zai kai ƙara gaban sarkin ruwa.